Ƙofar Sito

Gwaggo na tsakiyar sa zif a wata riga wayarta ta fara ruri a kan teburin yanka. Da ta ga lambar makaranta ce, sai da ƙafarta ta zame daga kan keken ɗinki. Hedimasta ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce ta zo yanzu-yanzu, 'yar ƙanenta ta kulle kanta a sito, kuma ba ita kaɗai ba ce a ciki.

Ba ta ko rufe shago ba. Ta ce wa maƙwabciyarta mai sayar da zare ta sa mata ido, ta tare motar haya da zaren awo a wuyanta.

A cikin motar ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Yarinyar ba ta kai shekara goma ba. Watannin baya 'yan bindiga suka shiga garinsu, ƙanen Gwaggo na cikin waɗanda aka binne. Matarsa ta koma wajen iyayenta da ƙaramin yaron, Gwaggo kuma ta ɗauko babbar, ta sa ta makaranta. Yarinya ce marar rigima, abin da aka ba ta shi take ci, inda aka ajiye ta nan ake samunta. Gwaggo ta ɗauka wannan shi ne sauƙi, don haka ta hana kowa ta da zancen a gidanta.

Tun farkon zango malamar ba da shawara ta makarantar, wadda yara ke kira Anti, ta neme ta. Ta ce yarinyar ba ta wasa, kuma ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Ta ce akwai wani ɗaki da take zama da yara irinta, su yi zane, su yi hira, ta koya musu yadda za su kwantar da hankalinsu idan tsoro ya taso. Gwaggo ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce 'yarta ba mahaukaciya ba ce, kuma ba za a yi ta tona mata ciwon da ya fara warkewa ba.

Makarantar tsit take lokacin da ta isa. An kora yara azuzuwa, amma ga kawunansu nan a tagogi. Mai gadi ne ya ba ta labari suna sauri: masu gyaran rufi ne suka saki damin kwano daga sama a lokacin tara. Ƙarar ta girgiza kowa, daga baya yara suka fashe da dariya. Ita kuwa yarinyar ta fizgi wani ɗan nazare da ke shan ruwa a famfo, ta ruga da shi sito, ta danna sakata ta ciki.

A bakin siton akwai hedimasta, da wani kafinta riƙe da ƙarfen ɓalle ƙusa, da wata mata sanye da kayan ofis, katin aiki na lilo a wuyanta. Ita ce uwar yaron. Tana ta cewa a fasa ƙofar, me ake jira, ɗanta ba ya son duhu. Anti kuwa na zaune a ƙasa, ta cire takalmi, ta jingina kafaɗa da ƙofar.

"Ke ce uwarta?" in ji matar. "Kin san ba ta da lafiya kika kawo ta cikin 'ya'yan mutane?"



Anti ta yafito Gwaggo, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ta roƙi a dakata da fasa ƙofa, domin in aka fara dukanta, a wajen yarinyar 'yan bindigar nan ne suka dawo, kuma ba wanda ya san abin da za ta yi. Ta ce ɗazu ta ji yaron na ƙananan koke-koke, amma ya daɗe da yin shiru. Sannan ta tambayi Gwaggo, a ranar da abin ya faru, a ina aka sami yarinyar?

Sau ɗaya matar ƙanenta ta taɓa ba ta labarin, ba ta kuma sake bari an maimaita ba. Yanzu dole ta faɗa, a gaban baƙi. An sami yarinyar ne a ɗakin ajiye buhuna na maƙwabta, ɗan ƙaramin ƙanenta a cinyarta, tafin hannunta a bakinsa. Sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Uwar yaron ta dafa bango.

"A bakinsa?" ta ce.

Hedimasta ya share zufa, ya ce ba zai iya ƙara jira sosai ba, ran yaro ake magana. Kafinta ya matso da ƙarfensa. Anti ta ɗaga masa hannu, ta jawo Gwaggo ƙasa kusa da ita. Ta ce yarinyar ba ta amsa mata ba ko sau ɗaya, muryar gida take bukata. Kada ta yi mata faɗa, kada kuma ta ce mata sun tafi, don hakan na nufin sun zo. Ta gaya mata inda take kawai, da abin da ke faruwa a yau.

Gwaggo ta durƙusa. Ƙofar ƙarfe ce, tana warin tsatsa. Ta ƙasanta ba a ganin komai sai gefen wata tsohuwar ragar ƙwallo.

"Uwata," ta ce. "Uwata, ni ce, Gwaggonki. A makaranta kike. Kwano ne ya faɗo daga sama, kwanon rufi. Ga wanda ya sake shi nan tsaye, kunya kamar ta kashe shi."

Shiru. Ta kalli Anti, Anti ta gyaɗa mata kai.

Ta ci gaba da duk abin da ya zo bakinta. Ta ce rana ce tsaka, ga 'yan ajinsu can suna leƙe ta taga kamar 'yan kaji. Ta ce ta bar shago a buɗe, kuma mai rigar nan mai yawan ƙorafi za ta zo ta tarar ba zif, yau sai ta cinye ta ɗanya. Ta sa kunne ko za ta ji numfashi biyu, ba ta ji ko ɗaya ba.

Can wani abu ya motsa a ciki, kamar an ture bokiti.

Anti ta raɗa mata abin da za ta ce.

"Uwata, yaron da ke wajenki, mamansa ta zo. Ga ta nan kusa da ni. Ɗaga hannunki kaɗan ya gaishe ta."

Uwar yaron ta zube a ƙasa da siket ɗinta na ofis, ta kai bakinta jikin ƙofar. Ta kira shi a hankali, da muryar da ake tashin yaro daga barci. Ta sake kira. Gwaggo ta rufe ido.

"Mama," wata 'yar murya ta ce daga ciki, "fitsari nake ji."

Mai gadi ya yi wata irin dariya ya toshe baki. Ba wanda ya motsa. An ɗan jima kafin sakatar ta fara ƙara, tana tafiya tana tsayawa.

Yaron ne ya fara fitowa yana ƙifta ido, uwarsa ta cafe shi. Yarinyar na tsaye a bayansa, ƙura har gashin ido, hannunta na dama a ƙage kamar ba nata ba. Ba ta kalli kowa ba sai Gwaggo.

"Bai yi kuka ba, Gwaggo," ta ce. "Na riƙe shi sosai."

A ofishin hedimasta abin bai zo da sauƙi ba. Shatin yatsu ya fito a kumatun yaron, uwarsa kuma ta ce ba za ta bar maganar ba, ko da yake ba ta ƙara ɗaga murya ba. Ta ɗauki ɗanta ta wuce asibiti a duba shi. Hedimasta ya ce yarinyar ta zauna a gida har kwamitin iyaye ya zauna. Anti ta ce zaman gida shi ne zai tabbatar mata cewa laifi ta yi, alhali a ganinta ceton yaro ta yi. In ba za ta shiga aji ba, a bari ta riƙa zuwa ɗakinta da safe. Hedimasta ya ce wannan kuma sai da yardar mai riƙonta. Duk suka juyo suka kalli Gwaggo.

Ta ce za ta kawo ta da kanta. Ta tambaya ko kwamitin zai iya korarta. Hedimasta ya ce ba zai yi mata alkawarin da bai da iko a kai ba.

Anti ta rako su har bakin get. Ta ce abin zai ɗauki lokaci, kuma wata rana zai yi kamar ya koma baya. Ta durƙusa ta ce wa yarinyar tana da fenti kala-kala da ba wanda ya buɗe tukuna. Yarinyar ta ɗago ta kalle ta.

Motar da suka shiga cike take. Gwaggo ta ɗora ta a cinya duk da ta yi girma da hakan, tana murza mata yatsun da suka ƙage. Suka wuce gidan mai, suka wuce asibiti. Har ta ɗauka barci ya kwashe ta.

"Gwaggo," yarinyar ta ce, fuskarta na kallon taga. "Da aka fito da mu, na ga takalmin Baba a bakin ƙofa. Ƙafa ɗaya."

Matar da ke gefensu ta juyo ta kalle su. Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran tashar layinsu, yana tambaya ko akwai mai sauka. Ga shagonta can a buɗe, ga mai rigar tsaye a bakinsa ta riƙe ƙugu.

Gwaggo ba ta ɗaga hannu ba. Motar ta ja.

"Ina jin ki, Uwata," ta ce. "Daga nan sai me?"