Benen Soutinho

Shekarar da ruwan sama ya yi gardama, dam ɗin ya ja baya har kufan Soutinho ya fito fili, da gadarsa da lungunansa, duk sun sha busasshiyar laka. Ƙungiyar Tarihin Gunduma ba ta yi sanya ba. Ta aika gida-gida a sabon gari cewa duk wanda aka haifa a tsohon ƙauyen ya fito ran Asabar, akwai mota, za a je kowa ya nuna ƙofar gidansu, a kafa turke da sunan zuriyar, a kuma ɗauki muryarsa kafin ruwa ya dawo.

Tsohuwa Zulmira, wadda ake kira Dona don girmamawa, da fari cewa ta yi ba ta zuwa, gwiwa ta hana. Amma da ta ji Hermínio, ɗan kawunta, ya riga ya ba da sunansa, sai ta ɗauko sandarta.

"In na bar tsohon nan shi kaɗai da rakoda, ai sai ya ce shi ya gina gadar," in ji ta.

Tana yarinya aka tashe su daga ƙauyen, ruwan dam ya shanye shi. Tun daga lokacin, 'ya'yanta da jikokinta babu wanda bai haddace labarin gidansu ba: bene ne na dutse, matakala tun daga bakin titi, ga baranda da ake shanya masara, in ka tsaya a kai har ƙararrawar coci kana hangowa. Ta faɗa ta sake faɗa, har in ta rufe ido tana jin sanyin matakalar a tafin ƙafarta.

A mota ta zauna kusa da Hermínio, da kwandon abinci a cinya. Ya leƙa kwandon.

"Ke Zulmira, kufai za mu ko biki?"

"Cire hancinka. Wanda ya zo hannu rabbana ba ya tambaya."

"Ai na san ba za ki iya ci ki bar ni ba. Haƙoranki nawa suka rage?"

"Sun isa in cije ka."

Mafalda, matar da ƙungiyar ta turo, ita ta ja gaba da suka sauka, da rakoda rataye a wuya, wasu abokan aikinta biyu na ɗauke da turaku. Tsofaffi suka bazu cikin lunguna, wannan na kiran wancan, wata ta durƙusa a bakin rijiyar gari tana share hawaye tana dariya. Zulmira ba ta tsaya ko'ina ba. Ta wuce coci, ta karya kwana, sai ga benen nan tsaye, rufi ya tafi amma matakalar na nan daram. Zuciyarta ta yi fari tas.

Sai dai akwai wata a kan matakalar. Mace ce da ba ta wuce hamsin ba, da faffaɗar hula da takalmin da bai dace da laka ba, ta dafa bango tana kallon sama.

Mafalda ta ce, "Dona Zulmira, ga Marilene. Daga Brazil ta zo. Tun bara take rubuto mana tana neman asalin kakarta, da muka ga ruwa ya janye muka ce ta taho."

Baƙuwar ta sauko da fara'a, tana magana da irin harshensu mai ja kamar waƙa. "Na same shi, Dona! Gidan kakata ke nan. Yadda ta faɗa haka yake, ga matakalar, ga barandar da suke shanya masara."

Zulmira ta dogara sanda ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, kin yi ɓatan kai. Nan gidan ubana ne."

"Ayya, amma ta ce duk ƙauyen bene ɗaya ne."

"Ɗaya ne. Namu."

Mafalda ta tsaya da turke a hannu, ta rasa sunan da za ta sa. Ana haka Hermínio ya iso yana haki. Da ya ji abin da ake ja a kai, sai ya zauna a matakalar ya fashe da dariya har da tari.

"Wayyo cikina! Mafalda, kunna abin nan, kar wannan ya wuce ki. Benen nan na Senhor Baltazar mai shanu ne. Ni na yi masa kiwo, a ƙarƙashin matakalar nan nake cin abincina."

"Ƙarya kake, tsohon banza!"

"Ke da kike zuwa nan in Gwaggo, uwarki, ta zo yi musu wanki? A ajiye ki a matakala da ɓawon burodi, ki wuni kina hawa kina sauka. Gidanku na baya, jikin garken awaki. Taso in kai ki, gimbiya."

Zulmira ta so ta yi gardama, amma maganar wankin ta taɓa wani abu: ta tuna ƙamshin sabulu, da hannun uwarta jajur cikin ruwan sanyi. Ta bi bayansa tana gunaguni, Marilene da Mafalda na biye.

Lungun ya matse har sai an bi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshensa ga wani ɗan gida, ɗaki biyu, bangon ya tsaya iya kafaɗa, ƙofar kuwa gajera ce, da wani baƙin dutse a gicciye a samanta. Zulmira na isa, ba ta san lokacin da ta sunkuyar da kai ba, ta ɗaga ƙafar hagu ta tsallake dokin ƙofar, hannunta ya kai dama yana laluben ƙusar da ake rataye fitila. Ƙusar na nan, ta yi tsatsa.

Ta tsaya tsakiyar ɗakin. Ga murhu a kusurwa. Ga ramin bango inda uwarta ke ajiye gishiri. Nan suke kwana, ita da yayyenta mata, kai da ƙafa, in ɗaya za ta juya sai ta yi shela.

"Ya ƙanƙance," ta ce a hankali. "Ruwa ne ya cinye shi."

"Ruwa ya ci dutse?" in ji Hermínio daga waje. "Ke ce kika yi faɗi."

Marilene ta zo shiga, ba ta lura ba, goshinta ya daki baƙin dutsen, ƙum! Hular ta faɗi. Ta dafe wurin tana yamutsa fuska, sai kuma ta tsaya cak tana kallon dutsen.

"Kakata tana da tabo a nan," ta ce, ta nuna saman girarta. "Ta ce ƙofar gidansu ce ta fasa mata kai, ranar da ta fito da gudu za ta ga amarya. Kullum ina mamaki, wane irin bene ne mai gajerar ƙofa?"

Zulmira ta juyo. Babanta, duk baƙon da zai shigo, sai ya ce masa, sunkuya, dutsen nan ya sha jinin Albertina. Ƙanwarsa ce, ta bi miji ƙetaren teku tun ba a haifi Zulmira ba, wasiƙa ta yi ta raguwa har ta ɗauke.

"Yaya sunan kakar taki?"

"Albertina."

"Mai 'yar tsaga a haƙori? Mai dariya kamar ana zuba gyaɗa a kwano?"

"Ita ce! Dona, kin san ta?"

"Ban taɓa ganinta ba. Babana ne ba ya gajiya da zancenta." Ta kama fuskar baƙuwar da hannu biyu, ta juya ta wajen haske, ta ga haɓar gidansu sak. "Wace Dona kuma? Gwaggo za ki ce. Zo nan, 'yar nema, kin fasa kai a ƙofar gidanku."

Suka rungume juna, Marilene na kuka, Zulmira na bubbuga bayanta tana cewa ya isa, ya isa, ita ma idonta ya cika. Hermínio ya leƙo ta saman bango.

"Mafalda, rubuta. Ba sai an duba littafin coci ba. Mutum biyu, teku a tsakani, duk sun sace bene ɗaya. Wannan jini ne."

"Za ka ci abincin nan ko ba za ka ci ba?" in ji Zulmira.

Nan cikin ɗakin suka baje kwandon, a kan dutsen murhu: burodin masara, cukun tumaki, zaitun, soyayyen kifi da kwalbar jar giya ta gida. Wurin bai ɗauke su ba, gwiwa na gugar gwiwa, Hermínio ya zauna a dokin ƙofa rabinsa a waje. Mafalda ta ajiye rakoda tsakiya, ta ce Dona Zulmira ta faɗi waɗanda suka zauna a gidan. Ta fara daga kakanta mai gyaran bango, ta gangaro, Marilene na karɓa daga inda Albertina ta sauka jirgi: 'ya'ya, jikoki, wani mai gasa burodi, wata malamar asibiti, har da wata ƙaramar jika da aka sa wa suna Zulmira ba tare da an san akwai mai sunan ba.

"To a ina zan kafa turken?" Mafalda ta tambaya tana murmushi.

Zulmira ta tauna zaitun, ta tofar da ƙwallon. "Kafa a nan. Amma ki sa a rubuce cewa inuwar benen a tsakar gidanmu take faɗuwa. Da rani mu muka fi su shan daɗinta."

Marilene ta zo da niyyar kwana a masauki, Zulmira ta ce ba a haifi mai yin wannan ba. Ta kai ta gida, ta ba ta ɗakin 'yarta, ta yi ta zagayawa da ita dangi har sai da ƙafafun baƙuwar suka kumbura. Ta kai ta sabuwar maƙabarta inda aka mayar da ƙasusuwan mutanen Soutinho, suka wanke kabarin iyayen Albertina tare, suka sa furanni.

Da sanyi ya shigo aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, dam ya cika, kufan ya koma inda ya fito. Ƙungiyar ta manna taswirar ƙauyen a zauren taro, kowane gida da sunan mutanensa. Yanzu duk Lahadi bayan coci wayar Zulmira na ƙara daga Brazil. Rabin maganar ba ta ganewa, don mutanen can haɗiye kalmomi suke yi, su ma sun ce ita ce ke haɗiyewa. Hakan bai hana su kai har abinci ya huce suna hira ba, ana miƙa wayar daga hannu zuwa hannu, kowa na son ya gaida Gwaggo.