Laimar Zlatka

Ni ce mai naɗe laima a filinmu. Mutane su hau jirgi, su diro daga sama, su zo su watso mini laimominsu a gaba kamar wanki, ni kuma ina durƙushe a kan tamfol ina jera igiya ina cusawa a jaka. Gwiwoyina sun mutu a wannan aikin. Ban taɓa dirowa daga jirgi ba, ba ni kuma da niyya. Mahaukaci ɗaya ya ishi gida, namu shi ne yayana Stoil.

Stoil ya haura sittin, tun yana soja yake tsalle. Matarsa Zlatka ma 'yar tsalle ce, a nan filin suka haɗu. Amma ba sama ce ta kashe ta ba, ciwon daji ne, a kan gadon asibiti a Dobrich. Da aka binne ta sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. In kai masa banitsa, gurasarmu mai cuku, da kindirmo, in dawo in tarar ƙudaje ne ke ci. Ya rame har wando yana zame masa. Rannan ya buɗe kabad ya ga laimarta, ruwan ɗorawa, da wani shuɗin faci da ta ɗinka da hannunta. Ya ciro tasa daga jaka ya sa tata. Asabar ɗin nan ya aske gemu ya zo fili.

Kowa ya yi murna, har da ni. Sai da na shimfiɗa laimar na ji ta a hannuna, murna ta koma ciki. Laima mai lafiya santsi gare ta, tana zille wa mutum. Wannan kuwa ta yi laushi kamar tsohon zanin gado, igiyoyinta sun tsuke, wata ta fi wata tsawo. Ga shi Zlatka 'yar firit ce, laimar daidai ita aka yanka, Stoil kuwa ko da ramarsa ya kusa biyunta.

Na ce, "Yaya, laimar nan ta gaji."

Ya ce, "Ke ma ai kin gaji, an jefar da ke?"

"Ni ba a rataye a jikina ake saukowa daga sama ba."

"Naɗe kawai, Nevyana. Surutu ba ya cikin aikinki."

Duk mai tsalle laima biyu yake goyawa, babba da ta ko-ta-kwana. A ƙirjinsa na dama akwai wani jan mariƙi mai laushi da muke kira matashi, in ya finciko shi babbar ta rabu da shi. A hagu akwai zoben ƙarfe mai buɗe ta ko-ta-kwana. A hannunsa kuma akwai agogon tsayi. In allura ta shiga jan yanki babbar ba ta daidaita ba, ba a gardama da ita, sakinta ake yi. Ɗalibin da ya zo jiya ma ya san wannan, Stoil ɗin ne ke koya musu.

Na ce, "To gaya mini gaskiya. In ta ƙi, za ka sake ta?"

Ya tsaya yana shafa shuɗin facin da babban yatsa. Ya ce, "Ba za ta ƙi ba."

Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba, domin na san yayana. Ba laimar nake tsoro ba kamar hannunsa, da na san ba zai je kan jan matashin nan a kan lokaci ba.

Na samu Zhelyo, shugaban ƙungiyarmu, wanda shi ke duba laimomin ko-ta-kwana. Na zazzage masa abin da ke cikina. Ya sosa sanƙonsa ya ce, "Ta ko-ta-kwana ce a hannuna, kuma tasa lafiyarta ƙalau. Babba ta mai ita ce. Mutumin da ya koya mini tsalle zan ce wa ya sauka daga jirgi? In na hana shi, kogi zai tsallaka ya je filin da ba a san shi ba, wani can ya naɗe masa."

Na ce, "Ashe matsoraci ne kai."

Ya ce, "Na ji. Ke da ba matsoraciya ba, hana shi."

Na gwada. Na ce wa Stoil ba zan ƙara taɓa laimar ba. Sai ya durƙusa zai naɗe ta da kansa. Yatsunsa sun kumbura da sanyin ƙashi, ina kallo yana cusa igiyoyi yadda suka zo. Na daure, na daure, na kasa. Na ture shi na ce, "Matsa can, kafin ka kashe kanka a gabana." Ya yi dariya ya tafi shan kofi, ya san ya ci ni.

Haka muka yi ta tafiya har masara ta bushe a gonakin da suka kewaye filin, ta fi mutum tsawo, ana jiran injin girbi. Wata Lahadi da hantsi, ana gasa tattasai a bayan rumfa, tsohon jirginmu ya ɗauki masu tsalle ya yi sama yana tari kamar kullum. Stoil ya ɗago mini hannu daga bakin ƙofa. Ni ko kallonsa ban yi ba, fushi nake yi da shi.

Amma da injin jirgi ya sassauta can sama, alamar sun fara fita, na ajiye abin da ke hannuna na fito waje. Laimomi suka fara buɗewa, ja, kore, baƙa, kowacce ta miƙe ta kama hanya. Ta ruwan ɗorawa ta buɗe a karkace. Gefe ɗaya ya cika da iska, ɗayan ya noƙe, ta fara juyi da shi. Igiyoyin suka murɗe a saman kansa.

Zhelyo na tsaye kusa da ni, hannu a goshi. A hankali yake cewa, "Sake ta, tsoho. Sake ta mana."

Ɗalibai kaɗai ake sa wa rediyo a kunne. Stoil ba shi da komai. Duk da haka na yi ta kiran sunansa har maƙogwarona ya fashe, alhali na san iska kawai yake ji. Ina ganin ƙafafunsa suna shure-shure, yana son ya warware murɗar. Juyin ya ƙara sauri. Ya wuce inda ake sakin laima, ba sai na ga agogo ba, idona ya san wurin. Ya ƙara saukowa har na fara gane kalar rigarsa. Hannayensa duka biyu suna sama cikin igiyoyi, ba ko ɗaya a ƙirji. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ce kamar a lokacin nan. Ni na naɗe ta, ga ta tana kashe shi, ga ni tsaye a kan ciyawa da silifas.

Sai da ya kusa kai tsayin itatuwan bakin hanya sannan ɗorawar ta rabu da shi. Wani farin abu ya fito daga bayansa, bai gama buɗewa ba, ya ɓace a bayan itatuwan. Mun ji ƙarar daga inda muke.

Kowa ya ruga. Ni na tsaya inda nake. Muna da al'ada a filin nan: in aka saki laima, na ƙasa su bi ta da ido, su nuna ta da hannu har ta sauka, sannan a shiga gona a nemo wa mai ita. Ba a barin laimar ɗan'uwa a daji, ko da za a kwana ana nema. Ranar kowa ya manta da al'ada, sai idona da ya saba. Na ga ta yi lilo, ta naɗe kanta, ta faɗa can tsakiyar masara, kusa da wani karyayyen turken lantarki.

Stoil bai mutu ba. Ƙafafu biyu sun karye, ƙugu ya tsage. Da yamma muka dawo daga asibiti, mutane suka zazzauna a rumfa ba mai cin tattasan. Sai Bilyana, wata likitar haƙori da ke zuwa daga Varna kowane ƙarshen mako, ta ce, "Wai wa ya bi laimar da ido?"

Ta juyo gare ni ta ce, "Goggo Nevyana, ke da kika tsaya a nan fa?"

Na ce, "Yayana na faɗowa zan tsaya kallon tsumma?"

Washegari na je coci na kunna kyandir biyu. Ɗaya na godiya, ɗaya na roƙon Allah kada a ga laimar. Na je har gidan mai gonar na tambaye shi yaushe zai sa injin girbi. Ya ɗauka damuwa nake kada injin ya yayyaga ta, har yana ba ni haƙuri. Ni kuwa in da zan iya, da ni zan tuƙa masa.

Amma mutanenmu ba su san haƙura ba. Suka jeru suka shiga masara, ganye na yankar fuska da hannu, su fito da yamma sun yi buɗu-buɗu. Matuƙinmu ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonar. Wasu har hutu suka ɗauka daga wurin aiki. Duk wanda ya gan ni sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ki damu, Goggo, za mu samo masa ita." Ni ke dafa musu miyar wake in sun fito. Me zan ce musu? Ƙauna ce ta sa su, ba mugunta ba.

Ana jibi za a fara girbi, ina cikin rumfa, na ji waƙa daga bakin gona. Na leƙa waje. Ga su nan tafe, sun ɗauko ta a kafaɗa kamar amarya, Bilyana a gaba tana rawa. Suka warware igiyoyin, suka shanya ta a inuwa. Ɓeraye sun ɗan ci gefe ɗaya. Zhelyo, shi da na kira matsoraci, ya zauna a kan keken ɗinkinsa ya yi mata sabon faci, bai yarda mun haɗa ido ba.

Muka tafi asibiti mota uku. Stoil na kwance, ƙarafa sun fito daga ƙafafunsa, abincin safe na gefe bai taɓa ba. Tunda ya farfaɗo bai yi wa kowa doguwar magana ba, bango kawai yake kallo, irin kallon da na sani tun mutuwar Zlatka. Suka ajiye masa laimar a ƙirji. Ya lalubo shuɗin facin, ya cusa fuskarsa a ciki, kafaɗunsa na rawa. Har ma'aikaciyar jinya sai da ta share ido.

Da ya ɗago sai ya ce, "Kun sani, saura kaɗan in warware ta. Da na ƙara daurewa da mun sauka tare."

Suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake. Ya jawo farantin ya fara cin burodi da cuku, yana tambayar Zhelyo ko an gyara ƙofar jirgi. Sannan ya dube ni.

"Nevyana, likita ya ce in sanyi ya wuce zan taka. Tafi da ita gida, kada danshi ya taɓa ta."

Na ce, "Yaya, don Allah."

Ya ce, "Na gode, ƙanwata. Na san ke kika fi kowa wahala a kanta."

Na kawo ta gida na shimfiɗa a tsakar ɗaki. Na ɗauko babban almakashina na ajiye a kan tebur. Na daɗe ina kallon su biyun. In na yanka ta, na san ɗakin da zai koma da ƙofar da zai rufe. In na bar ta, na san inda hannayensa za su kasance. Na yi kuka har na gaji, ba wanda zan kai wa ƙara.

Almakashin yana nan inda na ajiye shi. Na durƙusa na fara jera igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, domin in dai da ita zai hau, gara a ce ni na naɗe.