Hannuwan da ke Hoton Alƙali Thackray

Shekarar da garin Calderby ya tattara hotunan Alƙali Ambrose Thackray wuri guda don jama'a su gani, 'yarsa Lavinia ta haura tamanin, matakala ta fara yi mata wuyar hawa. Duk da haka ta ce sai ta je. Ƙanenta Horace ya zo ɗaukarta da tsohuwar motarsa, ana ɗan yayyafi.

"Yaya, wannan hular taki tun bikin wa take?" ya tambaye ta.

"Tun kafin gashin kanka ya gudu ya bar ka. Ja mota mu tafi."

A Calderby ba sai an gaya wa kowa wane ne Thackray ba. Shi ne majistaren da ya ƙi yarda a riƙa kulle yara ɗaki ɗaya da manyan fursunoni, ya yi ta zirga-zirga zuwa London har aka ware musu gida da makaranta. Shi ne kuma ya takura wa masu masaƙun ulu sai da suka gina wa mata gidan wanki mai ruwan zafi. Attajiran garin suka daina gayyatarsa cin abinci, shi kuwa bai ma lura ba.

A zauren majalisar gari wata budurwa mai suna Mis Pilling, wadda ta shirya baje kolin, ta tarbe su ta shiga zagayawa da su. Ga hotonsa yana saurayi, siriri, da saje har haɓa. Ga wani na kyamara, yana tsaye cikin yaran makarantarsa, shi kaɗai ya motsa, fuskar ta fito dishi-dishi. Ga kuma wani zanen barkwanci na tsohuwar jarida, an mai da shi kaza ta baje fukafukai a kan 'yan tsaki. Horace ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Baba ya fi son wannan," ya ce. "A ɗakin cin abinci ya rataye shi, don Mama ta ji haushi."

A ƙarshen zauren babban hoton fenti yake. Shekaru da yawa yana can sama a bangon kotu, hayaƙin gawayi ya dusashe shi. Yanzu an wanke shi, an sauko da shi daidai idon mutum. Lavinia ta tsaya, ta dogara da sandarta, ta ƙura masa ido.

"Misis Ollerton, wanne ya fi kama da shi?" Mis Pilling ta tambaya a hankali.

"Fuskar nan tasa ce," Lavinia ta ce. "Amma hannuwan ba nasa ba ne. Samo mini kujera, 'yata, in gaya miki."

Ta zauna, ta ba ta labari. A bazarar da aka yi hoton tana budurwa. An ɗauko wani mai zane daga London, Mista Fairclough, ya kafa kayansa a falonsu, gidan duk ya ɗauki warin fenti. Matsalar ita ce Baba ba ya iya zama. Da ya zauna sai a ƙwanƙwasa ƙofa, wata mata ta zo an kama ɗanta yana tsintar gawayi a bakin layin dogo, ko wani an kore shi daga masaƙa. Sai ya miƙe ya ɗauki hularsa. Da ƙyar mai zanen ya gama fuska, ranar nan ya ajiye burushi ya ce shi ya gaji, zai koma gida.

"Ni da magatakardana Ollerton tsawonmu ɗaya," Baba ya ce. "Sa masa rigar, ka zana sauran."

Cuthbert Ollerton magatakardan kotu ne, saurayi mai kunya, wanda in ya kawo takardu gidan ba ya ɗaga ido daga takalmansa. Aka sa masa baƙar kwat ɗin alƙali, aka zaunar da shi. Ya ƙame kamar katako, hannuwansa na rawa a kan gwiwa. Mai zane ya kai ƙara wurin Mama, ita kuma ta tura Lavinia ta riƙa yi masa karatu ko zai saki jiki.

Littafin renon furanni ta ɗauko. Kwanakin farko ta karanta yadda yake, daga baya ta fara ƙara nata, ta ce marubucin ya ba da shawara a riƙa ba furen wardi shayi da madara kowace safiya, a kuma gaishe shi da ladabi. Cuthbert ya daure, ya cije leɓe, can dariya ta ƙwace masa. Daga ranar hannuwansa suka daina rawa.

"Dubi babban yatsan hagu," ta ce wa Mis Pilling. "Kin ga ɗan farin tabon nan? Ƙugiyar kamun kifi ce ta yi masa. Hannun Baba gajere ne, mai kauri, kullum da tawada. Shi mai zane abin da ya gani ya zana."

Ranar da aka yaye ƙyallen hoton, Baba ya kalle shi, ya kalli nasa hannuwan, sannan ya juya ga magatakardansa.

"Ollerton, na ga na karɓe maka hannuwa, kuma sun fi nawa kyau, ba zan mayar ba. Lavinia ta ce akwai maganar da kake ta juyawa a baki tun watan jiya. Faɗe ta, ana jirana a kotu."

Kafin hunturu aka ɗaura aurensu. Sun yi zama mai daɗi a wani ɗan gida bayan coci, har mijin ya rasu bayan babban yaƙi. Cuthbert ba ya son kyamara, kuma hoton bikinsu guda ɗaya yoyon rufi ya lalata shi. Ba ta da wani hotonsa.

Horace ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce zauren nan akwai ƙura.

"In rubuta wannan a jikin katin da ke ƙarƙashin hoton?" Mis Pilling ta tambaya.

"'Yan majalisa za su yi ta ƙorafi," Horace ya ce. "Sun fi son alƙalinsu cikakke."

"Rubuta," Lavinia ta ce. "Baba bai taɓa ɓoyewa ba, tambayarsa ce ba a yi ba. Amma ki bar zancen shayin furanni, wannan namu ne."

Aka sake katin, aka kuma bar kujerar a wurin. Lavinia ta riƙa zuwa duk ranar kasuwa muddin ana baje kolin. Don Cuthbert take zuwa, amma ba a barin ta ita kaɗai. Tsofaffin matan masaƙa suka gane ta, suka riƙa tsayawa da jakunkunan cefanensu. Ɗaya ta ce uwarta ba ta taɓa wanki da ruwan zafi ba sai a gidan wankin alƙali. Wata mai suna Misis Garside ta ce wanta na cikin yaran da aka fitar daga kurkuku, ya girma ya zama direban jirgin ƙasa, ya sa wa ɗansa na fari suna Ambrose.

Lavinia ba ta san ko rabin waɗannan labaran ba. A gida Baba ba ya zancen aikinsa. Abin da ta fi tunawa shi ne miyarsa tana hucewa a kan tebur, da Mama tana cewa a rufe masa da faranti.

Da aka rufe baje kolin, Mis Pilling ta roƙi majalisa kada a mayar da hoton kotu. Aka rataye shi a ɗakin karatu na gari, a hawan ƙasa, kusa da murhu, inda tsofaffi ke zama su karanta jarida. Nan Lavinia ta ci gaba da zuwa har hunturun da ƙafafunta suka gaza.