Kan Burtun Kawu Ismail

Rana ba ta gama ɗagawa ba wani baƙin tsuntsu mai dogon baki ya ɓullo daga bayan tudun yashi, yana takawa a hankali yana tsattsagar ƙasa. Burtu ba tsuntsun Hijaz ba ne, kuma wannan ɗin ma ba burtu ba ne. Haladu ne a durƙushe cikin baƙar riga, da kan burtu ɗaure a goshinsa.

Kan na kawunsa ne, Kawu Ismail, tsohon maharbin da ya zo Hajji tun kafin a haifi Haladu, ya zauna a unguwar Ammariyya a Jidda yana sayar da turare a kasuwar Bab Makka. Bai haifi namiji ba, kuma kowa ya san ɗan ƙanwarsa yake kallo da wannan gado. Yakan ce, “Sai na ga hankalinka ya kai tsawon wuyan.” Haladu kuwa ba abin da yake so a duniya kamar ranar da za a ce masa ɗauki, naka ne.

Bakinsa ne ya ja masa. A gidan hutun da yake ban ruwan shuke-shuke, ya ji maigidansa Bandar yana ƙorafin cewa rahu ba sa barin mota ta matso su. Rahu manyan tsuntsaye ne masu kama da gauraka, sukan sauka bakin teku su huta kafin su ƙetare zuwa Sudan. Haladu ya ajiye tiyo ya ce a garinsu maharbi yakan shiga tsakiyar garke ba a gane shi ba. Da aka yi dariya, sai ya je ya ari kan, ya ce wa Kawu 'ya'yan maigida ne ke son gani.

Yanzu ga shi kudu da Jidda, ga rahu sun cika bakin ruwa, wasu a tsaye kan ƙafa ɗaya don gajiya. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya sunkuyar da bakin, ya karkata wuyan kamar mai sauraro. Wata babba ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana duba, sannan ta mai da kai ta ci gaba da kiwo. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga gwiwa har ƙeya. Ya kewaya ta bayansu, yana matsa su sannu sannu zuwa gindin tudun da Bandar ya ɓuya.

A nan ya hango abin da ba a gaya masa ba. Ba bindiga ɗaya ba ce a kan tudun. Mazen, abokin Bandar, ya zo da mutanensa, bakunan bindigogi sun jeru kamar karan dawa, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗauka.

Haladu ya san ƙa'idar. Mai burtu tsuntsu ɗaya yake ɗauka, sannan ya miƙe tsaye, domin sauran su ga mutum ne su tsira. In kuwa ya ga abin zai wuce ɗaya, tun kafin harbi yake miƙewa. Miƙewar nan ba ta fi ya buɗe gwiwoyinsa ba. Amma idon wayar yana kansa, kuma bai taɓa yin tafiya mai kyau irin ta yau ba. Ya ce a ransa bari ya ƙara taku ɗaya.

Da harbin ya tashi sai ya kife fuska a yashi. Ya ji su suna faɗowa kamar ana jefo buhuna daga saman mota.

Bayan ƙura ta lafa aka jera su a gaban mota, aka tsaya aka yi hoto. Mazen ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

“Wallahi kai shaiɗani ne, ya Haladu.”

Haladu ya zaro wuƙa ya nufi wata mai sauran motsi don ya yanka. Bandar ya ɗaga masa hannu.

“Ya isa, bar su. An hana harbinsu, in aka gan su a mota a shingen hanya mun shiga uku. Yalla, mu tafi.”

Ko ɗaya ba a ɗauka ba. Ta madubin mota Haladu ya ga 'yan tsirarun da suka tsira suna kewaya sama suna kuka, sun ƙi tafiya.

Sai bayan la'asar ya hau matakalar gidan Kawu da kan burtun a cikin buhun shinkafa. Kafin ya zo ya wanke rigar har sau biyu, ya goge bakin da mai. Inna Mastura, matar Kawu, ta buɗe masa.

“Ɗan halak, yanzu ake maganarka. Yaran sun ji tsoro?”

“Sun ji, Inna.”

Kawu yana kan darduma da carbi. Ya karɓi buhun, ya zaro kan, ya juya shi a hannu. Ya shinshina igiyar fatar da ake ɗaurawa a goshi. Ya sa farce a tsagar bakin, ya kankaro yashi mai laima, ya murza tsakanin yatsu.

“Gidan maigidan naka a cikin teku yake?”

Haladu ya dubi ƙafafunsa.

“Zauna mana, ba kotu ba ce. Me kuka samu?”

“Rahu.”

“Ina kason mai kai? Ko Larabawa ba su san ana ba mai kaya cinya ba?”

“Ba mu ɗauko ba, Kawu.”

“Kun cinye a can?”

“A'a.”

Carbin ya tsaya. Inna Mastura, wadda ta shigo da shayi, ta ajiye farantin ta koma. Haladu ya faɗi sauran da kansa, kansa a ƙasa, har da bindigogin da ya hango tun da sauran lokaci. Ya so ya ce ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba ya iya musu da maigida, amma ya san ba maigida ne ya riƙe masa gwiwa ba, sai ya haɗiye.

Kawu ya miƙa masa kan. Daga ƙasa ana jin mai gas yana buga tukunya yana wucewa.

“Ɗaura,” in ji Kawu.

“Kawu?”

“Ɗaura ka yi mini yadda ka yi musu. Ban taɓa ganin tafiyarka a fili ba.”

Haladu ya ɗaura. Ya durƙusa a ɗan filin da ke tsakanin katifa da firji, ya yi taku, ya tsattsagi tabarma, ya karkata wuya. Jikinsa ya san aikin ko da zuciyarsa ba ta so. Zufa ta gangaro ta shiga idonsa, ya bar ta.

“Ya isa,” in ji Kawu. Muryarsa ba faɗa a cikinta. “Ni ma da ni rahu ne da na yarda da kai. Kakanka bai kai ka ba, ni ban kama ƙafarka ba.”

Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Haladu ya kwance igiyar, ya miƙa kan da hannu biyu. Kawu bai karɓa ba. Ya ja hannayensa ya sa a ƙarƙashin cinya.

“Tafi da shi. Naka ne.”

“Kawu, don Allah, ba haka nake so ba.”

“Na sani. Amma ni goshina ba zai sake shiga igiyar nan ba, kuma ba na son kwana da shi a ɗaki. Sha shayinka kada ya huce. Ka gai da mutanen unguwarku, Mahjar.”

Ya sha don kada ya ƙara wani laifin. Inna Mastura ta raka shi bakin ƙofa, ta tura masa ƙullin dabino a aljihu ba ta dube shi ba.

A titi buhun ya ƙi rufuwa, bakin burtun ya leƙo waje. Wani mai sayar da darduma ɗan garinsu ya hango ya gane, ya taso da fara'a.

“Kai, Haladu, tsohon ya sakar maka ke nan? Barka, barka. Allah ya sa ka riƙe kamar yadda ya riƙe.”

Haladu ya tura bakin cikin buhu da tafin hannu.

“Amin,” in ji shi.