Ranar Da Zaren Fatsa Ya Tsaya A Iska

Ni na fara ganin abin, ni Elmer Vandertie, kuma duk wanda ya ce ya riga ni cikin masu shan kofi a tashar jiragen ruwa ta Algoma ƙarya yake yi. Yanzu kowa cewa yake ya hango hadari. Wane hadari? Sama fes take a safiyar nan, sai ɗan duhu can ƙasa ta yamma wanda ko tsohuwa ba za ta kwashe shanyarta saboda shi ba. Ban yi makaranta ba, sunana ma da ƙyar nake zana shi, amma Tafkin Michigan bai taɓa yin tari ban san abin da ke damunsa ba.

A Agustan nan ni da Norbert, ƙanin matata, mu ke da tafkin. Jirgi na tafiya a hankali, fatsunanmu na biye a baya. A bakin kowace akwai ƙyalli, faifan roba mai juyi a ƙarƙashin ruwa, bayansa kuma ƙuda, ɗan tuntun zare mai sheƙi da ƙugiya a ciki. Kowa na da su. Sirrin yana wajen haɗin launi. Namu ƙyalli kore ne mai farin baya, ƙudan ruwan bula da ratsin azurfa, Norbert ya ɗaura shi da hannunsa a kan teburin cin abincin matarsa. Manyan kifayen salmon suka haukace a kansa.

To, a tafkin nan ba a faɗin gaskiya a oba-oba, rediyon da jirage ke magana da juna. Limamin cocinmu ma in ya fito ruwa ƙarya yake shirgawa. Duane Haegele, maƙwabcina mai farin jirgi, kullum yana bin sawunmu yana tambaya.

"Elmer, tsohon ɓarawo, me suke ci yau?"

"Ja da baƙi, Duane. Amma ko taɓi ba mu samu ba."

Alhali akwatin ƙanƙararmu ya ƙi rufuwa.

Ran nan kifi na cizo kamar an ce gobe babu abinci. Na ɗauki wata fatsa zan sake ta, na warware zare. Zaren bai faɗa ruwa ba. Ya lanƙwasa ya tsaya a iska, kamar akwai hannun da ya tallafe shi daga sama. Na girgiza sandar. Bai sauka ba. Sai na ji wani zuzuniya kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, na waiga, ashe kawunan sandunanmu ne ke kuka, duk waɗanda ke tsaye a gefen jirgi. Gashin hannuna ya miƙe. Bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe.

"Norbert, naɗe komai. Aradu na neman wurin sauka."

"A wannan hasken? Mijin yaya, ka sha wani abu ne ban da kofi?"

Bai rufe baki ba sandar waya ta lanƙwashe. Ita ce fatsarmu ta zurfi, zarenta ƙarfe ne zalla, kuma koren ƙyallin na bakinta. Norbert ya fizge ta, waya ta fara fita da ƙara. Ban taɓa jin kifi ya ja haka ba, ni da na ga kifi.

Na ɗauki oba-oba. "Duane! Kowa da kowa! Ku kwantar da sanduna ku yi gida, zare na tashi sama!"

Dariyar Duane ta fito tarau. "Kun ji shi? Kifi ya zo, tsoho na son ya share fili. Mu ma muna tafe, Elmer, matsa mana."

Na ga farin jirginsa ya juyo hanci wajenmu, sandunansa tsaye cirko-cirko. Duhun yamma kuwa ya riga ya hau rabin sama, ba iska, ba motsi, ruwa ya kwanta kamar man gyaɗa. Na rasa abin da zan ce mutumin nan ya yarda. Sai na yi abin da ba a taɓa yi ba a tafkin.

"Duane, saurara. Kore mai farin baya. Ƙuda ruwan bula da azurfa. Wallahi shi ne. Na ba ka kyauta, gobe ka kwashe kifin duka, amma yanzu ka gudu!"

Norbert ya yi ihu, sanda a hannu. "Ka haukace? Duk gari na ji!"

Can Duane ya ce a hankali, "Ina da kore a akwati. Bari in gwada sau ɗaya."

Na jefar da abin maganar. Norbert na tsaye a ƙarshen jirgi, doguwar sanda a sama, waya daga hannunsa har gindin tafki, gashin kansa ya tashi kamar na kyanwar da ta ga kare, shi bai ma sani ba. Wasu ƙananan tartsatsi shuɗaye na tsalle a bakin sandar.

"Saki!"

"Ka bar ni, ya kusa! Mijin yaya, in ka taɓa wayar nan ba ni ba kai!"

Na zaro filaya. Da na kai ta kusa da wayar, wani abu ya sare ni har kafaɗa, hannuna ya mutu. Na koma da hagu na datse. Kifin ya tafi da ƙyalli da ƙuda da komai. Norbert ya ɗaga hannu zai kai mini duka, na ture shi ƙasa, na watsar da sandunan a kwance, na murɗa inji iya ƙarfinsa.

Ba mu yi nisa ba duniya ta yi fari. Ban ji ƙara ba, ƙirjina ne ya ji. Da idona ya dawo, na hango hayaƙi na tashi daga farin jirgin, ba kowa a tsaye.

Norbert na kwance yana addu'a, yana kiran sunan Maryamu mai tsarki. "Kada ka koma," in ji shi. "Elmer, don Allah kada ka koma."

Da wani ne da ya wuce gida, kuma ba mai zarginsa. Ni na juya. Ruwan sama ya ɓarke, tsawa na faɗuwa hagu da dama, kowace sai in ce tawa ce. Muka sami Duane kwance rigingine, takalminsa ɗaya ya fice, jirgin na warin ƙonannen gashi, sandar da ya riƙe ta tarwatse kamar tsintsiya. Koren ƙyallin na hannunsa, ya narke ya manne da tafinsa. Idonsa a buɗe, ba ya numfashi. Na hau ƙirjinsa da hannu ɗaya da gwiwa ina dannawa ina zaginsa, Norbert na hura masa iska yana kuka, har ya yi wani gurnani ya dawo.

Duane na nan da rai. Ya sayar da jirgin, hannunsa bai ƙara buɗewa ba, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya durƙushe. Norbert kuwa har gobe cewa yake na raba shi da kifin rayuwarsa, bai taɓa ce mini sannu ba.

Wanda ya ce ƙari na yi, jirgina na ɗaure kusa da jar hasumiyar tashar Algoma. Ya zo ranar da ruwa ya kwanta yamma ta yi duhu. Ni zan tuƙa, shi ya riƙe sandar waya, mu ga wanda zai fara kiran uwarsa.