Guntun Takarda Mai Sunan Allah

Da hantsi ne, yayyafin Manchester na ta zuba kamar ba zai tsaya ba. Da Sanda ya shiga ɗakin girkin flat ɗinsu na Hulme, ya tarar ƙasa duk guntayen takardu. Aikin Gamaliel ne, abokin zamansa, ɗan Kafanchan mai karatun zane. Hotuna yake yankawa ya manna a allo guda, washegari kuma zai kai baje koli Birmingham.

Allon na jingine da bango. Hoton Yesu ne irin na kalandar coci, Bature mai shuɗin ido, a teburin cin abinci da mabiyansa. Gamaliel ya yanke gurasar ya manna gwangwanayen wake na food bank, inda ake raba wa mabukata abinci. Mabiyan kuwa ya sa musu kwat da lakataye, kowa riƙe da almakashi, a bayansu ga ƙofar laburaren da council, hukumar gari, ta rufe. Sanda ba ya son kallon abin, don annabi annabi ne, amma bai taɓa cewa uffan ba.

Yana cikin shara sai ya ga Hausa ce a guntayen. Ya tsuguna. "Allah" a wannan, "Allah" a wancan, wani har da sawun takalmi. Ya tsince su tas yadda aka koya masa tun yana ƙarami, ya fita filin da ke bayan ginin da tsohuwar tukunya da laima, ya ƙone su a natse. Har ya ji daɗi a ransa.

Gamaliel ya dawo da gam a hannu.

"Kai Ustaz, yau har da shara? Wa za mu aurar? Ina 'yan takarduna?"

"Masu sunan Allah? Na ƙone maka su, kar a tattaka."

Dariyar ta ɗauke. Gamaliel ya zauna a hankali.

"Littafin waƙoƙin Mama ne. Da shi take rerawa a zumuntar mata. Shi kaɗai na ɗauko bayan an binne ta." Ya nuna bakin Yesu a hoton. "Nan za su fito. 'Allah zai tanada.' Abin da ake gaya wa talaka ke nan a gida, nan ma haka, ya yi shiru ana yankansa. Wata guda ina kallon littafin kafin na iya sa masa almakashi."

Sanda ya shafa fuskarsa. Hannunsa ma warin hayaƙi yake.

Washegari ya bi shi har Birmingham ba a gayyace shi ba. A mota Gamaliel taga kawai yake kallo. Wurin baje kolin wani ɗaki ne a saman shago a Stratford Road, cikin Sparkbrook. Clara, mai shirya taron, ta tambayi me ya sa gaban bakin Yesun fayau.

"Tambayi Ustaz," in ji Gamaliel.

Sanda ya sunkuyar da kai, ya koma kusurwa ya raɓe.

Gunti ɗaya ne ya tsira, wanda aka riga aka manna can gefen allon. Danshin hanya ya sassauta shi. Mutane na wucewa sai ya zare, ya faɗo kusa da takalmin wani dattijo. Sanda ya yi wuf ya ɗauke. "Allah" ne kawai a jiki, da layin biro a ƙarƙashi, hannun Mama. Hannunsa har ya kama hanyar aljihu, sai ya tsaya.

Gamaliel na magana da wata Baturiya, bai juyo ba. Sai dai ya tura kwalbar gam zuwa bakin tebur.

Sanda ya shafa kaɗan, ya mayar da guntun inda yake, ya danne da babban yatsa har ya kama.