Sunan Ɗan Fari

Da ƙura ta lafa a yankin Kuta, aka kafa kwamiti a Minna don sauraron waɗanda aka zalunta. Hajjo mai tallar nono ta yi sammako daga unguwar Kpakungu, inda take raɓe tun da aka ƙone rugarsu. A kan idonta Garuba ɗan sa-kai ya ja ɗanta Muttaka daga kasuwa ya harbe shi, wai shi ke kai wa 'yan bindiga rahoto. Kasuwa duk ta gani, amma ita kaɗai ta yarda ta ba da shaida. So take a hukunta Garuba, shi ke nan.

Lauyan Garuba, Barista Ndagi, cikin Fulani ya tashi, ya san su kamar yunwar cikinsa. Har rusunawa ya yi ya gaishe ta, munafuki.

"Inna, faɗa wa kwamiti sunan mamacin."

Hajjo ta ja mayafi. Shekara ashirin da shida sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne. Wace uwa mai kunya ce za ta kama sunan ɗan fari, a gaban maza kuma?

"Yaron nan dai," in ji ta.

"Wane yaro? Yara sun cika Neja. Ɗanki ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ya faɗi, kin yi kuka?"

"Ban yi ba."

Gaskiya ta faɗa. A daji ta yi nata kukan, inda ba mai gani.

Shugabar kwamiti, Madam Susan, fayil sittin ke jiranta. Ta ce, "Mama, ki faɗa, sau ɗaya kawai."

Hajjo ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Rabin zauren sun san dalili sarai, amma ba wanda ya tanka.

Ndagi ya ware hannuwa. "Ranki ya daɗe, ba suna, ba hawaye. Wannan hayarta aka yi."

Aka rubuta cewa mai shaida ta kasa tantance mamaci, aka sallami Garuba.

A bakin ƙofa Garuba ya tsaya kusa da ita, yana gyara hula.

"Sannu, Inna. Allah ya jiƙan Muttaka."

A sauƙaƙe sunan ya fito masa. Baƙin ciki ya turnuƙe Hajjo, ta zube a gefen titi. Nan harshen ya saku. Ta kira sunan a hankali, ta sake, ta dinga ƙwala shi har masu keke suka taru.

Wani a cikinsu ya waiga ya ce, "Wai wane ne Muttaka? A kira shi mana, uwarsa na nemansa."